Tuwon da Ismaila Ya Cinye

Kwanon ya dawo daga zaure fayau, kamar an wanke shi.

Gwaggo Rakiyya ce ta ɗauko shi da kanta. Ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga shi sama, ta kifa, ta karkaɗa, don kada wani ya ce labari aka ba shi.

"Kande! Fito ki ga ikon Allah. Fito ki ga mijin da 'yarki ta zaɓo mana."

Inna Kande ta leƙo daga ɗakin girki da muciya a hannu. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙanwar mijin nata.

Muhsina tana bakin randa tana cika buta. Butar ta cika, ruwa yana zuba a ƙafarta, ba ta ma sani ba.

"Ya ci?" Inna Kande ta tambaya can ƙasan maƙoshi.

"Ya ci? Ya cinye dai! A gaban Yaya, a gaban Liman. Har da suɗe yatsu. Wallahi da kunnena na ji shi daga bayan ƙyaure yana yi wa Yaya nuni wai ya matso su ci tare."

Muhsina ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ba ta ma san zai zo yau ba.

Ismaila Injai ɗan ƙasar Sanigal ne, ɗalibi mai neman digirin digirgir a wata jami'a a Kano. Abin da ya kawo shi ƙasar Gumel kuwa, duk manomin da ya ji sai ya yi dariya: sabara. Ita dai sabarar nan da kowa ke sarewa ya ƙone lokacin sassabe, shi cewa yake in an bar ta a gona tana taimakon gero ya jure fari. Ya kafa turakunsa a gonaki a Gagarawa da Sule Tankarkar, da nan Ɗanzomo a gonar Malam Ɗantsoho, mahaifin Muhsina.

Ya zo da Faransanci da yaren Wolof cike da baki, Turancinsa na ɗingishi, Hausa kuwa in ya ce "sannu" ya gama. Shi ya sa tun daminar bara aka ɗauki Muhsina, wadda ta gama karatun aikin gona ta dawo gida, ta zama tafintarsa.

Tun tana fassara maganarsa ga manoma har ta wayi gari tana gane abin da zai faɗa kafin ya buɗe baki. Suka fahimci juna, suka daidaita, ta ce masa ya yi haƙuri sai bayan girbi. Shi kuwa zumuɗi ya kwashe shi. Ya haddace jimla guda ta Hausa, ya zura babbar riga, ya hau babur ya taho.

Ƙarar babur ɗin tana yin nisa Malam Ɗantsoho ya shigo gida. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoron shirunsa.

"Muhsina."

"Na'am, Baba." Ta durƙusa.

"Duk zaman da kuka yi, ba ki taɓa faɗa wa yaron nan yadda ake shiga gidan mutane ba?"

Ta sunkuyar da kai. Gaskiyar magana ita ce bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa wannan ma sai an koya wa mutum.

"Ya zo shi kaɗai, ba uba ba kawu, na ce baƙo ne. Ya miƙo min hannu a tsaye, na ce baƙo ne. Ya buɗe baki ya nemi aurenki da kansa, na haɗiye. Aka kawo abinci don fita hakki, sai ga shi ya naɗe hannun riga. Da yana zuwa a matsayin mai awon gona, ya sha cin ɗumame a bakin kunyar gero tare da mu, wa ya ce masa kanzil? Amma wanda ya furta maganar aure ya zauna ya cika baki a gabana? Liman kansa sai da ya kawar da kai."

"Baba, wallahi bai sani ba ne."

"Na yarda bai sani ba. To wanda bai san wannan ba, me ya sani?"

Gwaggo Rakiyya ta gyara mayafi. "Yaya, ai dama na faɗa. Ga Yahuza ɗan gida, ga sana'arsa a kasuwar Maigatari, ga mota, ga..."

"Rakiyya, ban ce zan ɗaura mata kowa dole ba. Ɗanki in yana so ya nema kamar kowa." Ya juyo ga Muhsina. "Amma daga yau babu ke babu aikin nan. In an girbe gero ya auna abin da zai auna, ya cire turakunsa daga gonata. Wanda bai san kunya ba ba zan ba shi 'yata ba."

Ya shige ɗakinsa. Muhsina ta daɗe a durƙushe, sai da Inna ta taɓa kafaɗarta sannan ta tashi.

*

Washegari aka bar ta ta je Gumel ta mayar da kayan aikin da ke hannunta. Ta same shi a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin aikin gona, bakinsa har kunne. Kamar kullum, da Turanci suka yi magana, nasa mai gargada.

"Muhsina! Babanki mutumin kirki ne. Bai ce komai ba, amma ya sa an kawo min abinci. Na cinye duka, ko loma ban rage ba!"

Kukan da take riƙewa tun daga Ɗanzomo ya ƙwace mata. Ta zauna a kan benci ta rufe fuska da hijabi.

"Me ya faru? Wani ne ya rasu?"

"Mu ne muka rasu, Ismaila."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Yadda mai neman aure ba ya neman wa kansa, sai dai ya turo magabata. Yadda ba ya haɗa ido da uban yarinya. Yadda ko ruwa ba ya sha a gabansa, balle tuwo.

Fara'ar ta gushe daga fuskarsa.

"To don me aka kawo abincin?"

"Don karamci. Kai kuma ka ce ka ƙoshi, don kunya."

"A kawo abinci don kada a ci?" Ya dafe kai. "Muhsina, a garinmu kwano ɗaya ake ajiyewa, mai gida da baƙo su sa hannu tare. Wanda ya ƙi cin abincinka ya faɗa maka ke nan bai yarda da gidanka ba. Jiya da safe mahaifiyata ta kira ni, ta ce, Ismaila, ko dutse suka dafa maka ka cinye, kada ka kunyata ni a idon mutane."

Ya ɗan tsagaita, sannan ya ƙara da muryar tausayi.

"Ni ban ma iya miyar nan mai yauƙi ba. Tilasta wa kaina na yi."

Dariya ta so kufce mata a tsakiyar kuka, ta koma kukan da ya fi na farko.

"Zan koma in ba shi haƙuri," ya ce. "Ke sai ki fassara."

"Ba zai yiwu ba. 'Ya ba ta tsayawa tsakanin ubanta da mai nemanta tana juya magana."

"In ɗauki wani tafintan."

"In ka shiga zauren nan da tafinta, maganar Gwaggo ta tabbata. Cewa take baƙo ne kai, kuma a baƙo za ka ƙare." Ta share ido. "Ismaila, ka ƙarasa bincikenka ka tafi. Na fi so in ji ka yi nasara a ƙasarku da in ga ana maka dariya a ƙasata."

"Kin daina sona?"

"Kada ka tambaye ni abin da ka san amsarsa."

Ya dubi titi, inda 'yan adaidaita sahu ke ta kiran fasinjan Maigatari. Tun zuwansa yake jin wannan hayaniyar bai taɓa tsintar kalma ɗaya a ciki ba.

"Laifina ne," ya ce a hankali. "Na samu bakinki na jingina da shi, na bar nawa a rufe. Na zo ƙasar mutane ina auna danshin ƙasarsu, ban taɓa tambayar yadda suke gaisawa ba. Gero yanzu ina ya kai?"

"Ko gwiwa bai kai ba."

"To ina da lokaci har girbi. Ki ba ni har girbi, Muhsina. Zan shiga zauren nan da bakina."

Ta so ta ce masa ba zai iya ba. Da ta ɗago ta ga idonsa, sai ta fasa.

*

A cikin makon ya tattara kayansa daga masaukinsa na Gumel, inda akwai fanka da masu jin Turanci, ya koma Gagarawa Tasha. Can akwai wani dattijo, Malam Abdulganiyu, malamin makarantar allo wanda shi ma akwai turakun Ismaila a gonarsa. Ya taɓa zuwa ziyara Kaulaha a ƙasar Sanigal tun yana da ƙarfinsa, don haka da Ismaila ya yi masa bayani da guntun Larabci da alamar hannu, sai tsohon ya yi dariya har da hawaye.

"Na ci a kwanon nan naku," ya ce. "Mu takwas a faranti ɗaya, ana turo maka kifi gabanka. Na san abin da ka yi nufi. Amma nan ba can ba ne."

Ya ba shi ɗaki a soro, ya kuma kafa masa sharaɗi: daga ranar ba wanda zai amsa masa in ba da Hausa ya yi magana ba, ko da ruwan sha yake nema.

Ismaila ya ga ta kansa. Ya fita gonaki shi kaɗai ba tafinta. Ya je wa manomi da tambayar taki kai tsaye, manomin ya dube shi sama da ƙasa ya ci gaba da nomansa. Sai da ya koyi cewa kafin a zo kan taki dole a bi ta kan kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da hidima. Ya koyi cire takalmi tun daga nesa. Ya koyi tsugunno, gwiwoyinsa suka yi tsami har ya riƙa sallah da ƙyar.

Labarin tuwon kuwa ya riga shi zuwa ko'ina. Daga Sule Tankarkar har kasuwar Maigatari suna ɗaya ake kiransa da shi: Cinye-duka. In ya wuce majalisa sai a ɗaga masa hannu, "Cinye-duka, ga fura!" Da farko bai gane ba, yana ta murmushi. Ranar da ya gane, ya dawo gida bai iya cin abinci ba.

"Ka ji zafi?" Malam Abdulganiyu ya tambaye shi.

"Na ji, Malam."

"Madalla. Da ba ka jin abin da suke cewa, yanzu ka ji. Gobe in sun kira ka, ka amsa, ka zauna ka sha furar."

Ya amsa, ya zauna, ya sha. A majalisun nan ne Hausarsa ta fara tsayawa da ƙafarta, don mai tsokanarka ba ya gajiya da maimaita maka magana.

Da geron ya fara fitar da kai, ya tsuguna gaban tsohon ya roƙe shi ya zama ubansa a maganar auren.

"Zan je," in ji Malam Abdulganiyu. "Neman aure nawa ne. Amma ban haƙuri naka ne, don ba ni na ci tuwon ba."

*

A Ɗanzomo kuwa Yahuza ya buɗe wuta. Duk yammacin Alhamis in an tashi daga kasuwar shanu sai ga motarsa a ƙofar gida. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya, sai dai ya ɗauka tunda shi ɗan gwaggonta ne maganar ta ƙare.

"Ni fa, Muhsina, tun da na fara zuwa wajenki ko ruwan gidan nan ban ƙara sha a gaban Kawu ba," ya ce da ita wata rana a ƙofar zaure.

"Na sani, Yaya Yahuza."

"To me kika gani a jikin wanda duk gari ke wa dariya?"

"Kai a cikin sanin hakan aka haife ka, ba ka sha wuyar komai a kai ba. Shi da gwiwoyinsa yake koya."

"Koyo? Ƙato da gemu? Zai kwashe ki ne ya kai ki bakin teku, inda ko sallamarki ba mai amsawa."

"Musulmi ne, za su amsa." Ta gyara hijabinta. "Ka yi haƙuri, Yaya. Ina girmama ka, amma ba zan yaudare ka ba. Raina ba ya nan."

Ya tashi motar da ƙarfi har kaji suka watse. Kafin magariba Gwaggo Rakiyya ta zo ta sauke wa Inna Kande kwandon magana, ta ce an shanye mata 'ya da asirin ƙasar waje.

Kashegari da hantsi suna tsinke zogale su biyu, Inna ta yi maganar da ta daɗe tana cin ta. Muhsina 'yar fari ce, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba.

"Ke. Ni fa ba tuwon ne ya dame ni ba."

Muhsina ta ɗago.

"Tuwo na dafa, an ci, ai daɗi na ji a raina, ban dai faɗa ba." Ta ture faifan zogalen gefe. "Nisan ne. In ya ɓata miki a can, da wane baki za ki kai ƙara? In kika haihu, jikokina da wane yare za su gaishe ni? In uwarsa ta zage ki, ko sanin an zage ki ba za ki yi ba."

"Inna..."

"Na haife ki, na yi kawaici, ban taɓa rungume ki a gaban mutane ba. Ba don ba na so ba ne. Yanzu kuma a ce za ki tafi inda ko muryarki sai ta waya?"

Muhsina ta ajiye zogalen ta kwantar da kanta a cinyar uwarta, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama. Suka yi kuka mai isarsu.

"Inna, ba shi kaɗai ke koyo ba. Ƙanwarsa tana turo min yarensu ta waya, kullum ina bi. Na iya gaisuwa, na iya godiya, na iya cewa an ɓata min. Kuma ya ce aikinsa na gero ne, ƙasar gero kuwa ba ta wuce nan. In ma mun je can za mu dawo."

"Haka duk suke cewa."

"To ki duba abin da ya yi, ba abin da ya ce ba. Wa kika taɓa ji ya bar ɗaki mai fanka ya koma soron makarantar allo don a daina ce masa baƙo?"

Inna ta share fuska da gefen zani ta jawo faifan zogalen.

"Babanki ba ya magana biyu," ta ce. "Ki dai yi addu'a."

*

Ranar girbin gonar Malam Ɗantsoho aka yi gayya. Tun hantsi Ismaila ya iso da sikelinsa da buhunansa. Ya cire takalmi a bakin gona, ya tsuguna daga nesa ya gaida mai gonar, kansa a ƙasa. Malam Ɗantsoho ya amsa a taƙaice ya juya baya.

Ya auna zangarniyar da ke tsakanin turakunsa, ya gama, ya cire turakun kamar yadda aka umarce shi. Maimakon ya tafi sai ya karɓi magirbi ya shiga layi. Aka kawo fura da rana, 'yan gayya suka yi ta kiransa da sunan nan nasa, ya ce musu ya gode, don mai gonar yana zaune a wajen. Har aka ɗaure damin ƙarshe bai sa komai a bakinsa ba.

Bayan la'asar Malam Abdulganiyu ya iso a bayan babur, ya aika a yi masa sallama da mai gida.

Gwaggo Rakiyya tana jin haka ta miƙe ta ɗaura ɗamara.

"Ya dawo? To yau za a ƙare ta. Kande, ba ni tukunyar nan."

Da hannunta ta kwashe tuwon sabon gero, ta zuba miyar kuka da ta sha daddawa da naman zabo, ta kwarara man shanu har yana kwanciya a sama. Ƙamshin ya cika gidan. Ta kai zaure da kanta ta dire a gaban Ismaila, ta buɗe murfin don kada ya ce bai gani ba.

Muhsina ta lallaɓa ta tsaya a bayan ƙyaure, inda Gwaggo ta tsaya wancan karon. Ta tsagar ƙofa tana hango su. Babanta da Liman a kan buzu, Malam Abdulganiyu a gefe, Yahuza ya jingina da bango yana murmushi. Ismaila yana can bakin ƙofa a kan ƙasa, ko tabarmar bai hau ba. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta.

"Bismilla," in ji Malam Ɗantsoho. "Ci mana."

"Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi."

Da Hausa ya faɗa, tiryan-tiryan. Muhsina ta dafe ƙirji.

"Ni na ce ka ci. Wancan karon ai ba sai da aka roƙe ka ba."

"Na gode, Baba. Na ƙoshi."

Bai rufe baki ba cikinsa ya ƙaryata shi da wani ƙugi da duk zauren aka ji. Yahuza ya tuntsire da dariya. Liman ya yi tari ya rufe baki da rawani.

Ismaila bai ɗago ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Hausana kaɗan ne. Zan yi magana a hankali."

Ba wanda ya hana shi.

"Cikina ya faɗi gaskiya. Ina jin yunwa, sosai. Tuwon nan kuma yana ƙamshi." Ya haɗiyi yawu. "Ranar nan na yi laifi. Ban sani ba. A garinmu, idan mutum ya ƙi abincinka, ba ya son gidanka. Uwata ta ce, Ismaila, ka cinye duka. Na cinye, don ina son gidanka."

Ya tsaya yana laluben kalma. Yahuza ya buɗe baki zai yi magana, Malam Abdulganiyu ya dube shi, ya rufe.

"Jiya na kira uwata. Na ce mata, yau za a ba ni abinci, ba zan ci ba. Ta yi kuka. Ta ce, ba haka na rene ka ba. Na ce, Mama, ke kin koya min girmama gida da ci. Su sun koya min girmama gida da bari. Gidan nasu ne."

Ya share gumin haɓarsa.

"Ban zo don in ce ina da gaskiya ba, Baba. Na ba ka kunya a gaban Liman. Ka yafe min. Sauran magana ba ta bakina ba ce. Ga babana nan."

Ya nuna Malam Abdulganiyu da hannu biyu.

Hawaye suna bin fuskar Muhsina ba ta damu ta share ba.

Malam Ɗantsoho ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Geron naka na cikin sabara, ya fi nawa ne?"

"Kaɗan ne, Baba. Bana an yi ruwa. Sai shekarar fari za a gani."

"Uhm."

Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya zura takalmansa, ya nufo ƙofar cikin gida. Bai dubi Ismaila ba, bai sallami Malam Abdulganiyu ba.

Muhsina ta ja da baya da gudu ta faɗa gindin turmi. Shi ke nan, ta ce a ranta. Ya tashi ya bar su, ko amsa bai ga sun cancanta ba. Ta cusa hijabi a baki don kada kukan ya fito.

Malam Ɗantsoho ya shigo tsakar gida, ya jawo tabarma da kansa ya shimfiɗa a inuwar rumbu ya zauna.

Gwaggo Rakiyya ta matso da sauri, fuskarta fal murna. "Yaya, ka sallame shi?"

Bai kula ta ba. Ya dubi ɗakin girki.

"Kande, a ƙara miya a kai zaure. Yaron nan tun hantsi yake sunkuye a gonata, ko ruwa ban ga ya sha ba."

Inna Kande ta tsaya da ludayi a hannu. Muhsina ta ɗago kai.

"A ƙara miya?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "To kai me ya fito da kai ka bar baƙi a zaune?"

Malam Ɗantsoho ya gyara zama, ya ci gaba da jan carbinsa.

"Rakiyya, ke da kika fi kowa sanin kunya a gidan nan. A ina kika taɓa ganin mutum ya zauna yana kallon bakin surukinsa yana cin abinci?"